Gigabit ya iso bakin ƙofa, ɗakuna ba su ji labari ba

Sana'ata tace bidiyo ce, kuma a gida nake yin ta. Mai aiki ya turo mini ɗanyen abin da ya ɗauka, in yanke, in haɗa, in gyara sauti da launi, in mayar masa. Ga irina, saurin saukewa da kamfanonin intanet ke rubutawa da manyan baƙaƙe a talla ba shi ne abin dubawa ba. Turawa ce ke riƙe ni. Tsohon layina megabit 100 yake ba ni a saukewa, 20 a turawa. Fayil mai gigabait 40 a kan megabit 20 kusan awa huɗu da rabi yake ci, in ba abin da ya katse shi a hanya. Sai in gama aiki da la'asar, in danna aika, fayil ya yi ta rarrafe har dare, mai aiki yana kira yana tambaya ko lafiya. Shi ya sa da kamfanin da ke ba mu layi ya sanar cewa ya sabunta kayan aikinsa a yankinmu, kuma yanzu zai iya ba da gigabit guda, wato megabit 1,000, a saukewa da gigabit guda a turawa, ban tsaya shawara da kowa ba.

Maƙwabcina da ya ji labari ya ce ke nan za a sake haƙa, a sake huda bango. Ba a haƙa ko taku ɗaya ba. Matashi guda ne ya zo da jaka a kafaɗa da ƙaramin kwali a hannu. Ya durƙusa gaban farin akwatin da ke manne a bangon falo, wanda suke kira ONT, ya zare siririyar waya mai koren kai daga ƙasansa. Bai bar bakin kan ya taɓa komai ba, ko yatsarsa. Ya ciro abin gogewa mai siffar biro, ya danna shi a bakin har ya yi ƙas, ya sake dannawa, sannan ya soka kan a na'urar awo. Lamba ta fito, −19. Ya gyaɗa kai, ya kwance tsohon akwatin, ya ɗaura sabo, ya kira ofis ya karanta musu lambar da ke bayansa. Fitilar da aka rubuta wa PON, mai nuna akwatin ya haɗu da na'urar kamfani, ta yi ta ƙiftawa, can ta tsaya cak, kore shar.

Na ce, "Injiniya, shi ke nan? Wayar fa?"

Ya ce, "Malam, wayarka lafiyarta ƙalau. Akwatunan da ke bakinta biyu ne ke tsufa. Mun canza namu, yau mun canza naka."

Gaskiya ya faɗa. A cikin waccan wayar zare ɗaya ne tak na gilashi, wanda bayanai ke bi a matsayin haske, kaurinsa kashi ɗaya cikin takwas na milimita. Hasken ma ba duk zaren yake bi ba, tsakiyarsa kawai, wadda faɗinta kusan maikiromita 9 ne. Gilashin bai san megabit ba, bai san gigabit ba. A haska masa daga nan, ya kai can. Yawan abin da zai ɗauka ya rataya ne a kan saurin ƙiftawar leza a wannan bakin da kaifin idon da ke karantawa a wancan. A shekarar 1966 ne Charles Kao da George Hockham, suna aiki a Ingila, suka nuna cewa dattin da ke cikin gilashi ne ke cinye haske, kuma in aka tace shi har asarar ta sauko ƙasa da desibel 20 (ma'aunin raguwar haske) a kilomita guda, zai yi aikin sadarwa. Masu bincike a kamfanin Corning na Amurka suka cim ma hakan a 1970. Zaren yau asararsa tsakanin 0.2 da 0.35 take a kilomita, gwargwadon irin hasken da aka sa masa. Kao bai karɓi kyautar Nobel a kan wannan aiki ba sai a 2009, lokacin duniya ta daɗe tana hawa kan abin da ya hango.

Yadda layin yake zuwa gidaje shi ne abin da mutane da yawa ba su sani ba. Zare guda ke fitowa daga na'urar kamfani, wadda ake kira OLT, ya zo wani akwati a kan falwaya ko a ƙarƙashin ƙasa, a raba haskensa zuwa gida 32 ko 64. Abin rabawar ba ya cin wuta ko kaɗan, gilashi ne zalla. Duk abin da kamfani ya turo, kowane gida a wannan reshe yana samunsa, amma a kulle yake, akwatinka ya tsinci naka ya bar na maƙwabta. A turawa kuwa layi ake bi. Na'urar kamfani ce ke yanka wa kowane gida ɗan lokacinsa na haskawa, guntun daƙiƙa da ido ba zai kama ba, don kada hasken gida biyu ya yi karo.

Tsarin da aka shimfiɗa a yawancin wurare shi ne GPON, wanda hukumar sadarwa ta duniya ITU ta fara fitar da ƙa'idarsa a 2003. Yana ɗaukar kusan gigabit 2.5 a saukewa da 1.25 a turawa, kuma wannan na reshen ne gaba ɗaya, ba na gida guda ba. Nan ne dalilin da ya sa ake matse hannu wajen ba da turawa. Wanda aka mayar da mu kansa shi ne XGS-PON, na 2016, mai kusan gigabit 10 zuwa da dawowa, ko da yake in an cire abin da gyaran kurakurai ke ci, abin da ke saura bai kai 9 ba. Dabarar da ta fi burge ni ita ce yadda tsoho da sabo ke zama a zare guda. GPON yana sauko da haske mai zangon nanomita 1490, ya koma da 1310. XGS-PON yana sauko da 1577, ya koma da 1270. Tamkar tashoshin rediyo ne biyu a zango daban-daban, iska ɗaya suke bi, ba mai shiga muryar wani. Maƙwabcin nan nawa bai canza komai ba, yana nan a kan tsohon akwatinsa, kuma haskensa da nawa zare ɗaya suke bi har wurin rabawa. An riga an fitar da ƙa'idar mai gigabit 50 tun 2021, ita ma da niyyar ta hau zaren da ke ƙasa.

Waccan lambar ta −19 kuwa ƙarfin hasken da ya iso gidana ne, a ma'aunin dBm. Duk desibel 3 da aka rasa, rabin haske ya tafi. Rabawa gida 32 kaɗai tana cin kusan 17. Akwatunan GPON da aka fi amfani da su suna son abin da ke tsakanin −8 da −27, in ya gangara ƙasa da haka sai yankewa, sai jar fitilar LOS mai nuna haske ya ɗauke. Saboda haka ɗan rarar da ta rage ba ta wasa ba ce, kuma a cikin gida ake yawan zubar da ita. A tura kujera ta matse wayar da bango. A lanƙwasa ta a kusurwar ƙofa kamar wayar wuta. A buga mata ƙusa mai kama waya har ta shige jikinta. Akwai zaren da aka yi don jure lanƙwasa, mai lamba G.657, amma shi ma yana da iyaka. Ƙura guda a bakin kan tana iya rufe tsakiyar zaren, tunda duka-duka faɗinta nawa yake. Kuma koren kai da shuɗi ba sa haɗuwa: kore an goge bakinsa a karkace da digiri 8, shuɗi a miƙe, in ka cusa ɗaya a mazaunin ɗaya za su shiga, amma ba za su zauna daidai ba, haske ya zube, wani lokaci bakin ya lalace. Kada kuma a leƙa cikin zaren don a ga ko akwai haske. Ido ba ya ganin irinsa, amma yana iya cutuwa da shi.

Shin rabawar nan cuta ce? A ganina ba cuta ba ce, in an yi ta da hankali. Da wuya gida talatin su ja iya ƙarfinsu a daƙiƙa guda. Amma in aka sayar wa gida 64 gigabit-gigabit a kan reshen GPON guda, da daddare, lokacin da kowa ya zauna kallo, jiki zai gaya maka. Don haka tambaya biyu nake ba kowa shawara ya yi kafin ya sa hannu: wane tsari ne a layinmu, kuma turawa nawa za a ba ni? Gwajin gudu kuma a yi shi wajen ƙarfe tara na dare, da kebul. Na safe kowa gwani ne.

To, haske ya iso falo. Daga nan ne gizo ke saƙar.

Injiniya ya haɗa laftof ɗinsa da sabon akwatin da gajeren kebul, gwaji ya ba da megabit 940 a turawa da saukewa. Wannan ita ce cikakkiyar lambar ƙofa mai gigabit guda, sauran 60 ɗin adireshi da kanun bayanai ne ke cinye su, ba wanda ya sace maka. Muka shiga ɗakin aikina, inda kebul ya bi ta bango zuwa kwamfutar tebur. Gwaji ya ba da 94. Bai ko yi mamaki ba. Ya ce duk inda ya ga 94 ya san haɗin ya faɗo kan megabit 100. Ya kwance murfin soket ɗin da ke bango, ya haska da fitilar wayarsa. A cikin kebul ɗin intanet siraran wayoyi takwas ne, an murɗe su bibbiyu. Gigabit sai da duka takwas. Megabit 100 kuwa huɗu sun ishe shi. A nan, guda mai ruwan ƙasa ta zame daga tsagarta tana lilo. Wanda ya ja wayoyin gidan tun kafin in tare bai danna ta ta zauna ba, kuma tunda tsohon layin bai wuce 100 ba, aibin ya samu wurin ɓuya shekara da shekaru. Ya yanke bakinta kaɗan, ya danna ta da ɗan ƙarfensa, ya mayar da murfi. 940.

Masu sayar da kebul za su so su ɗora maka mai babbar lamba. Kebul mai lamba Cat5e na kirki yana kai gigabit har mita 100, kuma tun ƙa'idar 2016 yana ɗaukar gigabit 2.5 a tsawon nan. Cat6 yana kai gigabit 10 zuwa kusan mita 55, Cat6a har 100. Cat8 na ɗakunan manyan kwamfutoci ne, iyakarsa mita 30, ba ruwan gida da shi. Abin da ya fi lamba muhimmanci shi ne cikinsa ya zama jan ƙarfe zalla. Akwai na alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, da ido ba ka bambance su, sai ka kankare ka ga fari. Shi ne mai saurin karyewa a bakin soket.

An yi mini tayin gigabit 2 ma, na ce a'a. Wanda zai ci moriyarsa sai ƙofar akwatin bango, da ta rauta (na'urar da ke raba intanet a gida ta Wi-Fi da kebul), da ta duk abin rarraba kebul da ke tsakani, da ta kwamfutar kanta, duk sun zama masu 2.5. Guda ɗaya ta tsaya a gigabit, ka koma 940 kana biyan kuɗin megabit 2,000. Lissafin ma bai goyi bayansa ba. Bait guda bit takwas ne, saboda haka fayil mai gigabait 100 a kan megabit 100 ya haura awa biyu. A kan gigabit, minti goma sha huɗu. A kan gigabit 2, kusan minti bakwai. Tsallen farko ya cece ka awa biyu, na biyu minti bakwai. Kuma duk wannan in babbar kwamfutar da ke can ɗaya ɓangaren ta yarda ta ba ka ko ta karɓa da wannan saurin, abin da sau da yawa ba ta yi. Ma'ajiyar da nake tura wa aiki ba ta taɓa cika mini layi ba, amma fayil ɗin awa huɗu da rabi yanzu kafin in gama rubuta saƙon rakiya ya kusa isa. A wurina kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Gidan da kallo kawai ake yi, lissafinsa daban ne: Netflix na neman megabit 15 don hoto mafi tsabta na 4K, talabijin huɗu a lokaci guda 60 ke nan. Mai irin wannan gida in ya sayi gigabit, lambar gwaji ce kawai za ta faranta masa rai.

Akwai kuma abin da ƙarin megabit ba ya saya, wato jinkirin amsa. Haske a cikin gilashi yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa. Duk kilomita 1,000 tsakaninka da wanda kake magana da shi, zuwa da dawowa, milisakan 10 ne, kafin a ƙara na na'urorin hanya. Ba kamfanin da zai rage maka wannan. Tun 2010 wani injiniyan Google, Mike Belshe, ya gwada ya ga cewa daga kusan megabit 5 zuwa sama, ƙarin gudu kaɗan yake rage lokacin buɗe shafi, alhali rage jinkiri kullum yana ragewa. Shafukan yau sun fi na wancan lokaci nauyi nesa ba kusa ba, amma hikimar tana nan: buɗe shafi aike ne da yawa ƙanana, kowanne sai ya je ya dawo.

Wani jinkirin kuwa a gida ake haifarsa. A da, da zarar na fara tura aiki, darasin ɗana ta bidiyo sai ya fara sarƙewa, muryar malami tana zuwa guntu-guntu. Ba don darasin na cin wani abin kirki ba, 'yan megabit ne. Fayil ɗina ne ke cika ma'ajin jiran da ke cikin rauta, duk wani ƙaramin saƙo sai ya bi bayan dogon layi. Wani injiniya mai suna Jim Gettys ne ya ja hankalin masana kan wannan cuta wajen 2010, daga baya aka samar da maganinta. A rautocin da ke da shi za ka gan shi da sunan SQM, da zaɓi irin su fq_codel ko CAKE. Ka gaya masa ya tsaya kaɗan ƙasa da iyakar layinka, shi kuma ya riƙa ba ƙananan saƙonni hanya. Wanda turawarsa ke da ƙaranci, wannan saitin zai iya yi masa abin da ƙarin kuɗin wata ba zai yi ba. Ni yanzu da turawa ta yi faɗi, layin jiran ba ya ma taruwa.

Da dare uwargida ta fito da wayarta a hannu ta ce, "Baban yara, wai an ce an ƙara gudu? Ni dai a ɗakina ban ga abin da ya canza ba."

Ba za ta gani ba. Tsakanin ɗakinta da rauta bango biyu ne na siminti da ƙarfe a ciki, kuma Wi-Fi bai san an canza akwati a falo ba. Lambar da ke jikin kwalin rauta, 3000 ko 5400, tara ƙarfin duk zangunanta aka yi wuri guda, ba wayar da za ta taɓa samun wannan. Yawancin wayoyin hannu eriya biyu gare su. Da Wi-Fi 5 iyakar haɗinsu megabit 866 ne a faɗin tasha na megahaz 80, da Wi-Fi 6 kusan 1,200, kuma abin da ke isa hannu rabi ne zuwa kashi biyu cikin uku na wannan, kana tsaye kusa da rauta. Zangon gigahaz 2.4 ya fi ratsa bango, amma tashoshi uku kacal gare shi da ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, kuma kowane maƙwabci yana ciki, ga Bluetooth, ga na'urar ɗumama abinci. Zangon 5 ya fi gudu, bango ya fi cin sa. Na 6 ya fi su sarari, ya kuma fi su gajiya a bango. Wi-Fi 7 da aka fara tantance kayansa a 2024 yana buɗe tasha har megahaz 320, amma sai wayarka ta iya shi, sai kuma hukumar ƙasarku ta buɗe zangon 6 ɗin. Wayar uwargida daga ɗakinta zangon 2.4 take kamawa da ƙyar, jiya haka, yau haka.

Abu na farko da ba ya cin ko sisi shi ne fito da rauta daga bayan talabijin ko cikin kabad, a ɗaga ta sama, a matso da ita tsakiyar gida. Akwatin bango ba sai ya motsa ba, kebul ne zai haɗa su. Ƙananan na'urorin ƙara sigina da ake sokawa a soket ɗin wuta ba na son su. Da rediyo ɗaya suke saurare su maimaita, saboda haka kusan rabin gudun ya tafi nan take, ga shi sandunan sigina sun cika a fuskar waya, mutum ya ɗauka an gyara. Rautoci masu zuwa biyu ko uku a kwali guda, masu haɗa kansu da kansu, sun fi, musamman masu keɓe rediyo guda don zance tsakaninsu. Amma su ma bangon da ya hana wayarka shi zai hana su. In an haɗa su da kebul ne suke nuna kansu.

A ƙasar Sin kamfanoni sun fara kai zaren gilashin har kowane ɗaki, siriri mai ɗaukar launin bango, a manna shi a gefen silin. Abin sha'awa ne, amma yana ɗaure ka da akwatunan kamfani guda, kuma ban ga abin da zai ba gidana wanda jan ƙarfe ba zai bayar ba a tsawon mita ashirin. Na kira mai aikin waya muka zagaya gidan. Za a ja Cat6 daga falo ta cikin silin zuwa barandar da ke tsakanin ɗakunan kwana, a ɗaura na'urar Wi-Fi ta biyu a can sama, mai karɓar wutarta ta cikin kebul ɗin, don kada a nemi soket a silin. Akwatin bango da rauta kuma za su hau ƙaramin batir guda, tunda abin rabawar da ke waje ba ya buƙatar wuta, nawa ɓangaren ne ke mutuwa in ta ɗauke. Na ce masa kebul ɗin ya bi ta bututu mai faɗi, ba lanƙwasa mai kaifi, ya bar igiyar ja a ciki, kuma kafin in sallame shi sai ya sa na'urar gwaji na ga fitilu takwas sun kama ɗaya bayan ɗaya.